Kwaɗon Pak Wiryo

"Me kika zuba masa a ciki?"

Da wannan tambayar Bu Retno ta tarbi Kinanthi a barandar asibiti. Ko sallamarta ba ta amsa ba.

Kinanthi ta ja ta tsaya, hular kwano a hannu, tana mayar da numfashi. Daga rumfar mahaifiyarta a kasuwa ta taho kai tsaye a kan babur, ko hannu ba ta tsaya wankewa ba, har lokacin akwai miyar gyaɗa a bakin farcenta.

"Bu... ban gane ba."

"Yanzu za ki gane. Mijina na ciki bai san inda kansa yake ba. Abincinki ya ci da rana, ba a yi awa biyu ba ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Na ce me kika zuba?"

"Ibu, don Allah," in ji Damar, ɗan Bu Retno, da sunan da suke kiran uwa, ya shiga tsakaninsu. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, rigarsa sharkaf da gumi, don shi ya goyo mahaifin nasa har mota. "Ba don wannan na kira ta ba."

"Ni kuwa don wannan na ce ka kira ta."

A zuci Kinanthi ta shiga bin abin da ta sa a kwanon yau ɗaya bayan ɗaya. Jar shinkafa. Ƙananan koren wake. Masara. Tempe, wato curin waken soya. Ganye. Ko waken ne ya yi tsami ba ta lura ba? Ko gyaɗar ce ta yi fumfuna? Da hannunta ta tsince ta...

A kan bencin da ke jikin bango wata budurwa na zaune tana share ido da hankici, awarwaron zinariya na ƙara a hannunta. Prita ce, ɗiyar aminiyar Bu Retno.

"Ni dai na faɗi gaskiya tun a mota," in ji ta da muryar kuka. "Kowa ya zama shaida. Ban taɓa sa hannuna a abincin nan ba. Daga kasuwa ake kawo shi kullum, ni juyewa kawai nake a faranti in miƙa."

Damar ya juya ya dube ta.

"Sati bakwai kina karɓar sa albarka a kansa, Prita. Yau ne kika tuna ba naki ba ne?"

"Mas, bari," Kinanthi ta faɗa wa Damar a hankali; Mas take kiransa, wato yaya. "Ba yanzu ba."

Ta samu gefen taga ta jingina, ta rufe ido tana kiran sunan Allah.

*

Shekara talatin da biyar Pak Wiryo, mijin Bu Retno, ya yi yana gasa tsiren akuya a birnin Solo, har ta kai in ka ce wa mai keken haya ya kai ka wajen Pak Wiryo ba ya tambayar unguwa. Bara ciwon suga da hawan jini suka haɗa kai suka kayar da shi. Aka hana shi kitse, aka hana shi shayi mai zaƙi, aka rage masa farar shinkafa. Bu Retno ta koma dafa masa ganye da ruwa zalla, ba gishiri ba mai.

Ya dubi kwanon, ya ture.

"Ni akuya nake yankawa, Bu. Ban ce ki mayar da ni ita ba."

Wata huɗu ana wannan ja-in-ja. Wani lokaci ya wuni da yunwa, wani lokaci ya saci jiki ya je shago ya ɗauki tsinke biyar a ɓoye, sugan ya haura sama. Mutumin da a da yake saɓa akuya sukutum a kafaɗa ya koma wando ba ya zama a ƙugunsa.

Damar ne ke yi wa shagon cefanen albasa da kabeji kowace safiya, kuma shekara biyu ke nan ba ya barin kasuwa sai ya zauna a bencin Bu Tumini, mahaifiyar Kinanthi, ya ci kwaɗon ganye da miyar gyaɗa a ganyen ayaba. Tun yana cewa kwaɗon ne ke kawo shi, har duk layin suka gane ɗiyar mai kwaɗon ce. Da ya kai maganar gida, mahaifiyarsa ta ce ba ta ji ba ba ta gani ba. Ɗanta ɗaya tilo, ya rasa wadda zai kwaso sai mai tsinkar ganye a kasuwa? Ga Prita nan, ubanta na da shagon zinariya, an san asalinta, an san gidansu.

Wata safiya Damar ya zauna ya kasa cin komai, ya ba Kinanthi labarin halin da mahaifinsa ke ciki. Wannan ciwon ne ya ci nata uban shekara shida da suka wuce, sai da aka yanke masa ƙafa kafin rai ya yi halinsa. Saboda shi ta je ta yi shekara biyu tana karatun ilimin abinci, kafin ciwon gwiwar mahaifiyarta ya dawo da ita rumfa.

"Mutumin da ya saba da nama ba ganye ne ke ba shi haushi ba," ta ce. "Yunwa ce. Ganye zalla ba ya riƙe ciki, kuma ba ya gina jiki. Ka zo gobe da kwano mai murfi."

Washegari ta cika masa shi.

Bu Retno ta buɗe, ta yatsina fuska, amma ganin yadda mijinta ya rame ya sa ba ta mayar ba. Sai ta juye a farantin tangaran, ta kira Prita ta ce ta kai masa. Pak Wiryo ya ɗanɗana don kunyar baƙuwa, ya ƙara, ya share farantin tas. Daga ranar, kullum Damar ya kawo kwano ta ƙofar baya, Prita ta shigar da faranti ta ƙofar gaba.

"Dik, yau sai na fasa ƙwan nan," Damar ya ce wa Kinanthi a sati na uku, ransa a ɓace; Dik yake kiranta, wato ƙanwa. "Jiya a gabana mahaifina yake cewa duk wanda ya auri Prita ya huta."

"In ka faɗa, mahaifiyarka za ta ji kunya a gabansa, kwanon ya daina shiga gidan."

"To ke fa, zuciyata?"

"Ka bari ya ci, Mas. Cikinsa bai san sunan kowa ba."

Haka ta faɗa da bakinta, har da murmushi. Amma da ya tafi, hawaye suka yi ta ɗiga, sai da Bu Tumini ta karɓe tiren waken daga cinyarta ta ce, "Tashi ki wanke fuska, Nduk, 'yata, gishirin ya isa haka."

*

A asibitin, ƙofar ɗakin ta buɗe. Likitar ta fito, wata dattijuwa mai tabarau, da takardu a hannu.

"Iyalan Pak Wiryo?"

Duk suka taso.

"Ya farfaɗo. Har ya fara tambayar wa ya cire masa agogo."

Bu Retno ta dafe ƙirji ta zauna daɓas a kan benci. Damar ya rufe fuska da tafukansa. Kinanthi kuwa sai lokacin ta gane tun ɗazu rabin numfashi take yi.

"Sugansa ne ya faɗi ƙasa sosai," likitar ta ci gaba. "Mun ba shi abin da ya dace. Wa ke yi masa abinci?"

Prita ta ƙura wa takalminta ido.

"Ni ce, Dokta," in ji Kinanthi.

"Me kike ba shi?"

Ta faɗa mata duka. Jar shinkafa ludayi ɗaya, dafaffen koren wake, masara kaɗan, tempe gasasshe ba soyayye ba, ganye iri huɗu ko biyar, miyar gyaɗa da tsamiya. Ba nama, ba kifi, ko daddawar jatan-lande ba ta sawa saboda gishirinta.

Likitar ta zare tabarau ta dube ta da kyau.

"Tun bara nake duba mutumin nan. Ban taɓa ganin gwajin jininsa ya yi kyau kamar na yau ba. Ya ƙara kilo biyu, kuma tsoka ce ba teɓa ba. Ki ci gaba, kada ki canza komai. Ni ce ma zan rage masa magani."

Kinanthi ta sunkuyar da kai. Hawaye kawai suka ɓalle mata.

"Amma abinci irin wannan ba ya kayar da suga haka farat ɗaya," in ji likitar. "Akwai abin da yake sha ban da wanda na rubuta masa?"

"Babu," in ji Bu Retno. Sai kuma ta tsaya. "Sai dai shayin nan mai ɗaci da..."

A hankali ta juya.

Prita ta fashe da kuka na gaske a wannan karon. Ta zuge jaka ta fito da wata 'yar leda mai garin ganye, ba sunan kamfani ba komai. Ta waya ta saya, mai tallar ta rantse mata zallar itatuwa ne, yana warkar da suga cikin wata ɗaya. Kwana biyar ke nan tana dama masa, yau ta ninka don ta ga bai nuna komai ba.

"Irin wannan sau da yawa ƙwayar asibiti ake niƙawa a ciki," in ji likitar, ta karɓe ledar. "Kin haɗa masa magani biyu ke nan. Ki gode wa Allah ɗansa na gida."

"Ban yi don in cuce shi ba, Bu," Prita ta ce tana sheshsheƙa. "Kullum yana sa mini albarka a kan abin da ba ni na yi ba. Na so a ce ko abu ɗaya ne ya fito daga hannuna..."

Bu Retno ta juya mata baya. Direban gidan su Prita ya zo ya tafi da ita.

Kinanthi ta zame ta zauna a ƙasa, bayanta a jikin bango, tana kuka tana dariya lokaci guda. Damar ya durƙusa a gabanta.

"Dik Kinan... dube ni."

"Na ɗauka na kashe shi, Mas. Tun daga kasuwa har nan nake cewa na kashe shi."

"Kin ji abin da likita ta ce. Ke kika tashe shi."

"Ƙafafuna sun ƙi tashi."

"To su zauna. Ni ma nawa ba su da wani ƙwari."

Suna nan zaune ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mara lafiya na kiran "yarinyar kasuwa". Ashe ƙofar ba ta rufu sosai ba, komai a kunnensa aka yi.

Da suka shiga, Pak Wiryo na kishingiɗe da ƙarin ruwa a hannu, gashin bakinsa fari fat. Ya daɗe yana kallonta.

"Ke ce ɗiyar Tumini? Matar marigayi Marno mai gyaran keke?"

"Ni ce, Pak."

"Na san ubanki. Bai taɓa yi mini faci ya sace ba." Ya gyara kwanciya. "Sati bakwai ana yi mini wasa da hankali a cikin gidana. Ran Lahadi ki zo da kayanki, ki yi abin nan a gabana in gani da idona. Na gaji da cin abincin da ban san hannun da ya yi shi ba."

Ya faɗi haka yana kallon matarsa. Bu Retno ta kau da kai.

*

Ranar Lahadi da hantsi Kinanthi ta iso da kwando biyu a bayan babur. Damar ya sauke mata, yana ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

"Daina washe baki, Mas, gabana faɗuwa yake."

"Bapak tun asuba ya sa aka kai masa kujera ƙofar kicin."

Haka kuwa aka yi. Pak Wiryo na zaune da zane ɗaure a ƙugu, ya harɗe hannu kamar alƙali. Bu Retno na tsaye can jikin kabad tana goge kofunan da ba su da datti.

Kinanthi ta wanke hannu ta fara.

Jar shinkafar da koren waken tun jiya ta jiƙa su, kowanne a kwanonsa. Ta ɗora su a tukwane biyu.

"Me ya sa ba za ki haɗa su ba ki huta?" in ji Pak Wiryo.

"Waken ya fi saurin nuna, Pak. In ya fashe ya zama kunu. So nake haƙori ya samu aikin yi."

"Hmm."

Ta ɓare masara ɗaya ta turara. Ta yanka tempe ƙanana-ƙanana, ta jiƙa shi a ruwan tafarnuwa da ɗan gishiri, sannan ta nemi kasko.

"A kasko?" Pak Wiryo ya miƙe zaune. "Ashe shi ya sa wani lokaci yake bushewa. Damar, hura mini gawayi."

"Bapak, likita ta ce ka huta."

"Ta ce in daina gasa wake? Kawo tsinke."

Nan take ya jera tempe a tsinken tsire, ya karɓi mafici. Hannun da ya yi shekara talatin da biyar a kan wuta bai manta komai ba, yana juyawa yana fifita, har gefen ya yi ja ƙamshi ya cika gidan. Damar ya tsaya yana kallon mahaifinsa, rabon da ya ga fuskarsa haka tun kafin ciwo.

Kinanthi ta tafasa ruwa, ta tsoma dogon ɗanyen wake da alayyafo da kabeji, kowanne ɗan lokaci kaɗan, ta tsame ta watsa musu ruwan sanyi don kada korensu ya mutu. Tsiron wake ta zuba masa ruwan zafi kawai ta tsane. Kokwamba da ɗoɗɗoya ta bar su ɗanyu.

Saura miya.

Ta zuba soyayyar gyaɗa a faffaɗan dutsen niƙa, da barkono uku, tafarnuwa, ɗan citta, ganyen lemun tsami. Ta ɗauki ɗan dutsen, sai ta tsaya. Ta saci kallon Bu Retno, wadda har yanzu kofi ɗaya take gogewa.

"Bu... ban saba da dutsen nan ba, ya fi namu zurfi. Ko za ki taimaka mini?"

Bu Retno ta daina goge kofin.

"Ke da kike yi kullum?"

"Kowane dutse da hannun da ya sani."

Bu Retno ta ajiye kofin. Ta zo ta karɓi ɗan dutsen ba tare da ta dube ta ba, ta fara niƙa. Mazan suna waje wajen gawayi, kicin ɗin ya rage su biyu, ba ka jin komai sai gurzar dutse.

"Mazarƙwaila nawa?" ta tambaya a daƙile.

"Kamar kan ɗan yatsa."

"Wannan ai ba za a ji ta ba."

"Tsamiya da lemun tsami za su rufe. In harshe ya samu tsami da yaji, ba ya cigiyar zaƙi sosai."

Bu Retno ta ci gaba da niƙa. Can sai Kinanthi ta ga hannun ya rage sauri, kafaɗunta na rawa.

"Bu?"

"Shekara talatin da huɗu nake dafa masa," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Romo da madarar kwakwa, kitse na yawo a sama, haka yake so. Shayi cokali uku na suga, safe da yamma. In ya ce ya ƙoshi in ƙara masa. Ni a ganina so ne." Ta share hanci da bayan hannu. "Ranar da likita ta lissafo abin da ya jawo masa ciwo, girkina ta lissafo kaf. Sai ga wata yarinya daga kasuwa, da ganye da wake, ta tashe shi cikin sati bakwai. Duk ranar da ya share farantin nan, ji nake kamar ana ce mini ke kika kwantar da shi."

Kinanthi ta tsaya tana saurare, Bu Retno ta ci gaba.

"Na ce ko Prita ce, na san ƙarya ce, ba za ta yi mini ciwo ba. Ke kuwa gaskiya ce."

"Mahaifiyata ma haka ta yi ta faɗa bayan rasuwar mahaifina," Kinanthi ta ce a hankali. "Shekara guda ba ta iya kallon gwangwanin suga. Na ce mata, wanda bai sani ba ai bai yi laifi ba. Abin da kuka sani na so shi kuka ba su." Ta matsa kusa. "Ni nawa uban ban samu na yi masa ba, Bu, lokacin ban san komai ba. Ke naki mijin yana nan a waje yana faɗa da gawayi."

Bu Retno ta yi wata 'yar dariya cikin hawaye.

"Na zage ki a gaban mutane."

"Tsoro ne. Ni ma na zargi kaina kafin ki zarge ni."

"Duk da haka. Ki yafe mini."

"Na yafe tun a asibiti."

Bu Retno ta ja dogon numfashi ta sauke, kamar wadda ta ajiye tulu bayan doguwar tafiya. Ta lakaci miyar ta ɗanɗana, ta ɗan ɓata fuska.

"Wiryo ba ya son tsamiya ta fito fili haka. Miƙo mini soyayyar albasar can. Kuma barkono huɗu yake ci, ba uku ba, kunyar baƙi ce ta hana shi faɗa."

Kinanthi ta miƙa mata da sauri.

Suka shimfiɗa ganyen ayaba a babban tire. Shinkafa da wake da masara a ƙasa, ganye a kai, tempe mai zafi daga wuta, sannan miyar. Kinanthi ta nuna mata ma'aunin da ido: rabin faranti ganye, kwata wake da tempe, kwata hatsi. Bu Retno ta cuɗa da hannunta ta zuba wa mijinta.

Pak Wiryo ya kai loma ɗaya. Ya tauna a hankali. Ya kai ta biyu.

"Wannan ba irin na kullum ba ne."

Kinanthi ta zuba masa ido.

"Kwaɗon na yarinyar nan ne," ya ce yana nuna ta da cokali. "Amma miyar..." Ya juya ya dubi matarsa. "Wannan hannun ko a cikin duhu aka ba ni na san shi."

Bu Retno ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

"Ci abincinka, tsoho, ka cika surutu."

Ya ci, ya nemi ƙari, aka hana shi shinkafa aka ƙara masa wake, ya yi mita ya cinye. Da ya wanke hannu sai ya dubi ɗansa.

"Kai kuma shekara biyu kana cin kwaɗon mutane a kasuwa, ba ka da kunya? Yaushe za ka kai mu mu gaida Tumini?"

Damar ya dubi mahaifiyarsa.

"Me kake kallona?" in ji Bu Retno. "Ran Alhamis. Ka ce mata kada ta wahalar da kanta da girki, gwiwarta ba lafiya. Ni zan kawo."

Kinanthi ta sunkuyar da kai, ta rasa inda za ta sa kanta. Ta tashi da sunan kai kwanuka bayan gida. Tana cikin ɗauraya ta ji mutum a bayanta.

"Masoyiyata."

"Mas, za su gan ka."

"Su gani. An ba ni izini a gaban shaidu." Ya tsuguna ya karɓi kwanon hannunta. "Kin san sau nawa na shirya jawabin da zan yi wa Ibu? Har a kan babur nake maimaitawa. Ga shi ko kalma ɗaya ban faɗa ba."

"Ajiye shi, wata rana za ka yi mini laifi ka buƙace shi."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, sai kuma ta kifa kai a gwiwa. Ba kuka take ba. Gajiyar sati bakwai ce ta sauko mata gaba ɗaya, mai daɗi, irin ta wanda ya iso gida.

*

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Prita ba ta zo ba, amma ta aiko da 'yan kunne da gajeriyar wasiƙar neman gafara, Kinanthi ta amsa mata da hannunta.

A wajen walima an gasa akuya shida, don Pak Wiryo ya ce ba za a aurar da ɗansa a ce ba a ga tsire ba. Likita ta yarje masa tsinke biyu, marasa kitse. Ya karɓa ya riƙe su kamar sandar mulki, yana zagaya baƙi da su.

A ɗaya gefen rumfar kuwa, mata biyu ne zaune a kan tabarma da dutsen niƙa a tsakaninsu, sun ƙi yarda masu aikin girki su taɓa miyar gyaɗa. Bu Tumini na cewa tsamiyar ta yi kaɗan, Bu Retno na cewa ta yi yawa, layin masu jiran kwaɗo ya kai har bakin titi.

Kinanthi na hango su daga kujerar amare, furanni sun yi mata nauyi a ka.

"Mas, je ka raba su."

"Ni? Ina ango?" Damar ya matso da bakinsa kusa da kunnenta. "Bar su, Dik. Tun safe suke yi, kuma ɗazu na ji suna shawarar sunan jika."